Ƙishin Moto

Nomau ya matse mata maƙoshi,
ya sauya jiklar, ya ce: lita guda
ta kai ka Ɗan Isa, ka dawo da saura.

Kwana uku ina ƙirga riba.

Yau, rana tsaka, bayan Jiratawa,
ga buhun albasa, ga mai albasa,
inji ya kama tari irin na tsoho,
zafinsa na lasar ƙwaurina.
Na tofa yawu: cau!

Buji ya fito fari kamar toka.

Ban watsa ruwa ba,
ƙarfe mai fushi tsagewa yake.
Muka zauna gindin bedi, mu uku,
tana ƙas-ƙas, tana hucewa.

Jikar da na hana ta sha,
gobe fistan zai ci goma.