Maigadin Baje Koli

Kwana bakwai suka ba ni makullin tsohon sito
a bayan Tsohuwar Kasuwa, inda a da ake jibge fatu.
Sun share, sun shafe bango da farar ƙasa, sun rataye fitilu,
suka ce, "Baba Nomau, ka tsare muna wanga kaya."
Na leƙa ciki, na ce, "Mi za a sata a nan?"
Suka yi dariya. Ni ma na yi.
A dare na biyu na daina.

Na san su tun ba su san kansu ba.

Lauwali ɗan majemi ne.
Shi ne yaron da ya toshe hanci ya tsere wa kwatarniyar jima,
ya tafi Zariya koyon zane, shekara biyar ba ko saƙo.
Ga shi ya dawo yana dafa bagaruwa a tukunyar uwa tasa,
da ruwanta yake zane bisa fatar jar akuya.
Hannuwa yake zanawa, hannuwa kawai, ba fuska.
Wanda ya raina rijiyar gida, ƙishi zai nuna masa hanya.

Kulu ɗiyar masunci ce daga Kwalkwalawa.
Keken ɗinkinta ta sayar, ta sayi kyamara ta gwanjo,
gari ya ɗauka wai ta taɓu.
Shekara uku, kowace Laraba, tana tsayawa wuri guda a bakin Rima,
tana ɗaukar ruwa yana ja da baya
kamar wanda ake bi bashi.
A hoton ƙarshe, jirgin ubanta ne kife bisa yashi,
tunkiya na barci a inuwarsa.

Modi, jikan maƙera, bakanike a Gawon Nama,
ya tara gawar babura ya ƙera zalɓe mai ƙafa ɗaya.
Wani dattijo ya ɗaure fuska, ya ce gunki ne.
Modi ya ce, "Malam, sarƙa ce da tankin mai.
Ran da ta yi magana, ni zan riga ka gudu."

Ige ba ta rataye komai ba.
Ɗaki wayam, tabarma, da lasifika biyu.
Ta bi gidajen Dundaye tana naɗe luguden mata
kafin injin niƙa ya haɗiye shi.
Da dare ya raba, na taɓa maɓallin da aka ce kar in taɓa,
sai ga taɓaryar inna,
shekara talatin da kwantawarta,
tana sauka dum, tana jira, tana sauka.
Na zauna a tabarmar har asalatu.
Ɓarawo da ya zo daren nan, da ya kwashe har ni.

Ranar ƙarshe uban Lauwali ya shigo,
jikansa na jan sandarsa, yana ta rufe masa ido.
Ya kai hanci jikin zane, ya shaƙa.
"Ka cika gaggawa. Bagaruwar ba ta jiƙu ba."
Sannan ya bi layin da tafin hannu,
yatsa, yatsa, yatsa,
har ya iske ƙaramin da ya karkace,
irin wanda wuƙar kirci ta bar masa tun yana saurayi.
Bai ce uffan ba.
Ya nemi ruwa, ya sha rabi,
ya zauna gaban hannun nasa har aka kira magariba.

Biyu kawai aka saya cikin kayan.
Zalɓen ya koma gareji, yara na rataya masa riga.
Na mayar da makulli da safe.
Ƙusoshi na nan a bango,
warin jima na nan, sabo bisa tsoho,
ni kuwa har yau in na kwanta
sai in ji turmi a ƙirjina.