Shaidar Rai a Maƙabarta

A ƙauyenmu, can ƙuryar duwatsun Narin,
inda dusar ƙanƙara ke toshe hanya wata huɗu,
sabis ba ya shiga gida.
Yana tsayawa bisa tudu, wajen kaburbura,
kamar baƙon da ya ji nauyin yin sallama.

Takarda ta zo daga birni da jan hatimi:
daga bana, fansho sai ta waya.
Kowane tsoho ya kalli gilashi, ya ƙifta ido,
ya juya kai dama da hagu,
na'ura ta shaida yana numfashi,
sannan a sakar masa kuɗinsa.

Kakata Burulkan ta sa na karanta mata sau biyu.
Ta ajiye kofin shayi, ta ce,
"Shekara talatin da ɗaya ina sausayar tumakin gwamnati,
ba wanda ya tambaye ni ko ina raye.
Sai yau da gwiwa ta ƙi ake neman shaida?"

Na ɗaura wa goɗiya sirdi,
na ɗora ta, na kama linzami,
wayar a ƙirjina kada sanyi ya shanye batir.
Muka wuce garken Toktosun,
muka wuce makarantar da aka kawo wa kwamfuta goma sha biyu bara.
Suna nan cikin leda, sababbi fil,
suna jiran igiyar da aka ce tana tafe.

A kan tudu sanda ɗaya ta leƙo.
Ta ɓace. Ta dawo.
Sai daidai kabarin kakana Sagimbek ta tsaya cak.
Kaka ta yi dariya har da tari:
"Da ransa ma shi ke karɓo mini kuɗin."

Ta kalli gilashi.
Na'ura ta ce haske ya yi yawa.
Ta juya wa rana baya.
Na'ura ta ce a cire ɗankwali.
Ta cire, a gaban mamata, cikin iska mai yankan kunne.
Na'ura ta ce fuskar ba ta yi daidai da ta kati ba.
Ina fa za ta yi daidai?
Wancan hoton da haƙoranta aka ɗauka.

Ni ban ƙi waya ba, kada a ji ni a karkace.
Ta cikinta nake ganin mahaifiyata
da dare, bayan ta gama goge daɓen wani asibiti a Mosko.
Ta cikinta nake sanin kuɗin ulu
kafin dillali ya buɗe baki.
Amma wanda zai toshe rijiya ya ce a sha famfo,
ai sai ya fara tambaya ko an ja bututu.

Mai dokar nan yana zaune
inda sanda huɗu ke bin sa har banɗaki.
Ya lissafa takardar da ya tsimi,
ya lissafa albashin akawun da ya sallama.
Tudun nan bai shiga lissafi ba,
balle gwiwa mai shekara saba'in da tara.

A karo na biyar gilashi ya yi kore.
An tabbatar.

Kaka ta mayar da ɗankwalinta, hannu na rawa.
Ta share ƙanƙarar da ke kan dutsen kabarin,
ta ce, "Ka ji, Sagimbek? Sun ce ina raye.
Har zuwa wata shida."

Muna gangarowa muka haɗu da Toktosun,
ya goyo uwarsa a baya, yana haki.
Kaka ta nuna musu da bulala:
"Ku tsaya daidai kan mijina, nan yake kamawa."

Muka yi shiru har bakin rafi.
Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba,
"Idan na mutu, ku sa ni kusa da shi.
Ko ba komai,
in suka kira, zan ji."