Rigar Ƙarfe

Kwana uku da kashe wuta,
tukunyar matatar ba ta gama hucewa ba.
Na shiga da rarrafe
ta ƙofar da ba ta fi bakin rumbu ba,
tocila a goshi, Mutari na miƙo mini ma'auni daga waje
yana tari, yana zagin toka.

Ga bututai a jere kamar haƙarƙarin raƙumi.
Bana biyu ke nan da muka fesa musu riga,
kuromiyam da alminiyam,
kaurinta bai kai ɓawon albasa biyu ba.
Ran nan Mutari dariya ya yi:
wannan 'yar fatar ce za ta tare wuta?

To ga ta. Na shafa da babban yatsa.
Farar wuta ta lashe ta dare da rana,
gishirin cikin toka ya narke ya kwanta mata,
ba ta gudu ba.
Dabararta ɗaya:
ta bar fuskarta ta ƙone kaɗan,
ƙunar ta daskare ta zama ɓawo,
ɓawon ya hana sauran wutar shiga.
Tsatsa ce ke gadin ƙofa kada tsatsa ta wuce.

Amma can wajen gwiwa, bututu na goma sha bakwai,
rigar ta tsage.
Ƙarƙashinta ƙarfe ya yi ja, yana marmashewa
kamar ƙuliƙulin da ya kwana a aljihu.
Na san dalili.
Zafi tsagwaronsa tana iya jurewa;
a hura, a kashe, a hura, a kashe,
ƙarfe ya miƙe, riga ta ƙi bin sa,
nan ake rabuwa.

Babana maƙeri ne a bayan kasuwar Dole.
Tafin hannunsa ya yi kanta
har yana ɗaukar garwashi ya kunna taba.
Shekara arba'in wuta ba ta ci shi ba.
Da ido ya hana shi aiki, ya zauna a zaure a Birni,
hannun ya yi laushi cikin damina guda,
kofin shayi ma sai an sa masa tsumma.

Mutari ya ƙwala kira: nawa ka samu?
Na zana da'ira da alli a kan gwiwar,
na faɗa masa lambar.
Ya ce ban ji ba.
Na sake faɗa, tukunyar ta maimaita.

Jibi za a mayar da wuta.