Sitiyari a Dama

Ranar rabon gadon Alhaji Sallau
yayyena suka ɗebi shagunan Agege,
ni na nuna tamfol ɗin bayan gida
na ce a ba ni abin da ke ƙarƙashi.
Malamin rabo ya gyara tabarau:
“Ladidi, wannan ai kaji ke ƙwai a ciki.”
Na ce, to, har da kajin.

Datsun ce, mai dogon hanci,
kujera biyu tak, babu wurin ɗan rakiya,
launin bakin da ya wuni yana cin goro,
sitiyarinta a dama
kamar mai gardama da dukan titunan Ikko.

Wata uku ina bin takardu.
Cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin lissafin huhunan goro,
na tsinci takardar kwastan ta Apapa.
Kyankyasai sun cinye wata, sun bar mini shekara:
saba'in da ɗaya.
Ashe ta sauko daga jirgi ana bin hagu,
ba a jima ba aka ce kowa ya koma dama.
Ita ba ta sauya hali ba.
Baba ma haka ya mutu.

Lambar jikinta da buroshin haƙori na tono,
na aika wa wani tsoho can Japan
mai kiwon lambobi kamar tattabaru.
Ya amsa da Turanci mai ɗingishi irin nawa:
da kaka aka ƙera ta,
sa'o'inta sun kusa ƙarewa,
in raba ta da gishiri.

Gishiri!
A garin da iska ke tasowa daga teku
da ɗanɗano a bakinta?
Tsatsa a nan ba ta sallama,
ta ƙasan ƙofa take shiga, kamar gara,
kana barci tana sahur.

Na sha caɓalin Ladipo
ina cigiyar kafireta biyu, tagwaye.
Uzoma ya dube ni, ya dubi mayafina:
“Hajiya, sayi ta zamani ki huta.”
Sati shida, sai ga kiransa da asuba,
murya na rawa kamar shi ne mai motar.
Ya samo su a Kwatano, cikin buhun garin kwaki.

Baba Rasaki ba ya buɗa littafi.
Tiyo yake kangawa a kunne
ya saurari numfashin kowace,
har su daina musu da juna.
Ya ce yana ɗan koyo ya taɓa juye mata baƙin mai,
Baba na tsaye a kansa kamar mai jiran haihuwa.

Ran da muka ɗaga kujerar hagu
wani abu ya yi ƙyalli cikin ƙasa da gashin kaza:
ɗan kunne, wari ɗaya, na zinari.
Shi ne wanda Inna ta ɗora wa wata maƙwabciya,
suka shekara talatin ba ko gaisuwa,
har aka kai matar makwanci.

Inna ta juya shi a tafin hannu.
Ba ta yi kuka ba.
Ta ce, “Ashe nan ka faɗi.”
Can kuma ta ce, “Kai ni gidan 'ya'yanta.”

Lahadi, kafin danfo su farka,
muka hau doguwar gada, ruwa dama da hagu,
silinda shida na gurnani ƙasa-ƙasa,
masunta na ɗaga kai daga kwale-kwale.
Ina lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti,
sai Inna ta dafa gwiwata:
“Ubanki bai taɓa tafiyar hawainiya a nan ba.
Taka mata.”

Na taka.

Yanzu hadari ya haɗo ta wajen Ikorodu.
Na ɗora ta kan bulo huɗu saboda ambaliya,
na durƙusa da tocila ina leƙen ƙasan ƙofa.
Ga wani sabon ɗigo ja,
bai kai ƙwayar gero ba.
Ladidi, ɗauko buroshi.