Ƙeyar Gidado

Shekara tara ina aske kan Gidado
a rumfata, bakin Tashar Dukku.
Na fi shi sanin ƙeyarsa,
tunda ido ba ya leƙa bayan kai.

Zabiya ne, yana tura baron rake a rana,
malafarsa ta daɗe da rarakewa.
Ran da na fara ganin abin
bai kai ƙwayar gero ba,
ɗan kaushi ne a bayan kunnen hagu
kamar koko ya ɗiga ya bushe.
Na kewaye shi da aska, na yi shiru.

Da ruwa ya sauka sai ya yi ja,
yana saɓa kamar bayan ƙadangare.
Ɓawo ya faɗi, wani ya maye gurbi.
Gidado ya ce cizon sauro ne.
Na ce to.

Kafin a yanke dawa ya kai ƙwayar wake.
Gefe ya tashi, ya yi tauri,
tsakiya ta lotsa kamar gurbin dara.
Bakinsa ya ƙi zagaye,
ya ci nan, ya lanƙwasa can,
yadda kwari ke cin bayan gidajen Gombe,
taku ɗaya kowace damina,
masu gida na barci.

Tsumma kawai na goga, sai ga jini.

Ƙurji na gari mako biyu yake yi.
Wannan ya ga azumi, ya ga layya,
bai nuna alamar sallama ba.
Na ajiye aska, na haɗa madubi biyu,
ɗaya a gaba, ɗaya a baya.
Gidado ya daɗe yana kallo.
Ya ce, yaushe ya zama haka?
Na kasa ce masa a gabana ya girma.

Laraba na rufe rumfa muka hau keke.
Likita ta auna shi da ɗan ma'auni,
ta tambayi girmansa na fari.
Ni na amsa, gero.
Ta ce dajin fata ne,
amma saiwarsa ba ta yi nisa ba.

Yanzu tabo ne, tsawon ɗan yatsa.
Na saya masa malafa mai faɗin faifai,
ya ce ta yi masa nauyi.

Har yau in na sunkuyar da kan mutum
sai na duba kafin in jiƙa sabulu.
Wancan "to" ɗin da na ce da damina
shi ne bai warke ba.