Cinikin Nuwamba

Ranar Talata na tafi Halifax, ruwa na tsiyaya,
don Ɗanjuma bakanike ya ce mota mai buɗaɗɗen rufi
a hunturu ake tayawa,
lokacin da masu ita suka gaji da jiran rana.

Shekara ashirin da shida ina karɓar haihuwa a Huddersfield,
motocina duk jakuna ne:
buhun shinkafa, keken yara, takalman ƙwallo masu laka.
Yanzu auta ta tattara ta koma Leeds.
Kujera biyu sun ishe ni,
ɗayar ma ta jakata ce.

Uku na gani kafin wannan.
Ta Bradford baƙa ce, ta sha shafe-shafe kamar mai zuwa biki,
na durƙusa na leƙa cikinta, tsatsa ta yi mata cin gara.
Ta biyu rufinta na yoyo, tana warin jiƙaƙƙiyar safa.
Ta uku ba ta da aibi,
kuɗinta ne ya ƙi shiga bakina.

Tsoho Ackroyd ya ɗaga ƙofar gareji da ƙyar.
Ja ce, jan tattasan da ya kwana biyu a shanya.
Shekara goma sha tara, mil dubu saba'in da ɗaya,
takardun gyaranta cikin gwangwanin biskit,
kowace da kwanan wata, da rubutun mace.

Na zaro ambulan ɗin da Ɗanjuma ya cika wa baya:
taɓa inji kafin a tayar, in da ɗumi an riga ki yi mata magana;
dubi hayaƙi, in shuɗi ne ki nemi hanyar gida;
danna ƙasan ƙofa da babban yatsa.
Na danna.
Hannun da ya saba laluben kan jariri a duhun ciki
ba ya ɓata wurin da ƙarfe ya yi laushi.
Wuri ɗaya ne, bayan tayar hagu, faɗin kwabo.

Fam dubu huɗu da ɗari takwas, in ji shi.
Na ce dubu uku da rabi,
na gyara tsayuwa ina jiran albarka.
Nan ƙasar ba a cewa albarka.
Kunnuwansa suka yi ja, ya dubi takalminsa,
ya ce ko zan sha shayi.

A teburin kicin na jera masa laifuffukanta:
tayoyin baya sun suɗe, tagar roba ta yi hazo,
ga inshora na jirana da buɗaɗɗen baki.
Ya gyaɗa kai ga kowanne.
Ya ce Glenys ce mai tuƙa ta,
da hannu ɗaya take sauke rufin a bakin danja,
shi bai taɓa iyawa ba.
Bara war haka aka kai ta.

Harshen cinikina ya yi sanyi kamar shayin.
Amma tausayi ba ya like tsatsa,
shi ma bai nemi sadaka ba.
Dubu huɗu da ɗari ɗaya muka tsaya.
Ya ciro safar hannunta daga aljihun mota, ya riƙe,
ya bar mini gwangwanin.

A hanyar tudu, sama da Ripponden, ruwan ya ɗauke.
Na tsaya gefe na yi kokawa da rufi, hannu biyu har da gwiwa.
Sanyi ya mare ni hagu da dama.
Na sa giya ta uku, ta yi gurnani,
ɗankwalina ya tashi,
na hango shi a madubi ya sauka kan katangar dutse
gaban wata tunkiya.

Waya na ta ruri cikin jaka, na san auta ce,
za ta ce Mama, da girmanki?
Na bar ta ta yi ta ruri.
Sai da na wuce madatsar ruwa na tuna
ban tambaye shi inda ake kunna hita ba.