Abin Da Bai Motsa Ba

Ran da aka ɗauke babur ɗin da nake kabu-kabu da shi
a ƙofar gidanmu, Mabera, tsakanin lisha da kiran farko,
na sayar da tumaki biyu,
na kira Jelani mai haɗa wayoyi.

Ya zo da tsani a kafaɗa, ƙusoshi a baki,
zufa na bin ƙeyarsa, bazara ta kai wuya.
Ya kafa ido guda ƙarƙashin indararo,
ya ja waya ta bayan zaure har ɗakina,
ya jona ta da batirin sola
don wutarmu baƙuwa ce, ba ta sallama.

"Wanga akwati cikinai ƙarami na," in ji shi.
"In ka bash shi shina haɗiyar dare da rana,
kwana shidda ya cika, ya zubar da na farko.
Bari mu koya mai azumi.
Sai abu ya motsa shi buɗe baki."

Ya raba allon gida-gida kamar gurbin dara,
ya shafa ja a kan ƙofa, da dakali, da bakin lungu,
ya bar titi fari, titi ba ya hutawa.
Daƙiƙa biyar kafin motsi, ashirin bayansa.
Ƙarfin ji, tamanin.
Sai ya gitta gaban idon yana ɗaga hannu
kamar mai gaida surukai,
wayata ta yi kuka a aljihu.

Daren farko sau goma sha ɗaya ta tashe ni.
Ɓarawon farko kyanwar gidan Modi ce.
Na biyu baƙar leda.
Na uku inuwar dogon yaro, iska na yi mata tsiya,
sai gizo-gizo da ya ɗauki gilashin gadon ubansa
ya kwana yana saƙa a kansa.
Da safe na rage ji zuwa arba'in,
na goge bishiyar daga allo,
na sa tsintsiya na kori masaƙi.

Mako uku, ɓarawo bai dawo ba.
Amma akwai abin da nake gani kullum.

Ƙarfe biyu da kwata, ƙofa ta buɗe:
Baffa, da sandarsa, da hular barci,
ya laluba dakali, ya zauna ta gefen hagu.
Ya bar dama, inda Inna Luba ke tsince wake
kafin mu kai ta makwanci bara.
Daƙiƙa ashirin. Hoto ya yanke.

Na gaba, ƙarfe biyar saura:
Baffa ya dafa gwiwa, ya miƙe,
ya kakkaɓe gefen da bai zauna ba,
ya shiga neman buta.

Tsakanin nan da nan, akwati bai ajiye komai ba.
Awa biyu da rabi,
tsoho na zaune tsakiyar jan da Jelani ya shafa,
idon na kallonsa,
ya ce babu kowa.

Na kira Jelani na tambaye shi.
Ya yi dariya. "Haka aka gina shi.
Abin da bai motsa ba, bai faru ba.
In kana so in maishe shi ɗauka ba tsayawa,
sai ka sayi babban faifai."

Na ce ya bari.

Jiya da wayar ta yi kukan ƙarfe biyu
ban buɗe allo ba.
Na ɗauki tabarma da ruwan randa a moɗa, na fita.
Ban hau dakalin ba, na zauna ƙasa kusa da ƙafarsa.
Bai tambaye ni ba, ban ce komai ba.
Idon ya ba mu daƙiƙa ashirin ɗinsa
sannan ya manta da mu.